Adashen Jarida a Kore Mairuwa

Ku matso kusa, ƙawayena, a gyara tabarma, wata 'yar magana ce ke ta yi mini yawo a rai tun da hantsi. Kun tuna ranar da aka kawo mana ƙosai ƙunshe cikin takardar jarida, muka cinye, muka shimfiɗa takardar a cinya muna kallon hoton wata amarya da mai ya jiƙa mata rabin fuska? Malamarmu ta lakwal ta shiga fassara mana labarin, mu kuwa sai "to, daga nan fa?" muke yi, ashe an yage ta daidai inda daɗin yake. Wayyo, ranar mun yi dariya har da hawaye!

Takardar nan daga Sahel Dimanche aka yago ta, jaridar ƙarshen mako da ma'aikatar ONEP ke bugawa a Yamai, 'yar ɗakin Le Sahel mai fitowa ranakun aiki. Sunan Lahadi gare ta, amma ran Juma'a take fitowa, kamar amaryar da ta riga 'yan rakiya isowa, hahaha. Tun ranar nake kwaɗayin in riƙe ta sabuwa fil, ba yage, ba maiƙo, in ji ƙamshin tawadar nan da 'yar ƙarar da takarda ke yi idan an buɗe ta. Kai, jama'a.

Ku duba fa, a bakin kwalta muke. Motocin Yamai su biyo ta Dosso, su ratsa ta gabanmu su nufi Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, dare da rana. A nan ake sauke mana katifa, da maganin Inna, da atamfar sallah. To jarida nauyin me gare ta? Shi ne na ce mu yi mata adashe, mu goma, kowace ta zuba 'yan dalolinta, mu biya na wata shida ko na shekara a dunƙule. Mai sayen gero da buhu ai ba kuɗin mai awon tiya yake biya ba, don haka mu ma sai mu roƙi rangwame, ba kunya. Direba ya sauke a tasha, ɗan kabu-kabu ya karɓo, sai dai mu ji sallama a ƙofar gida: "Ga jaridarku!" Tamu fa, da sunanmu a bayanta. Ni wallahi har na ji sanyi a raina.

Na san Yaya za ta ce ga rediyo, ga WhatsApp. Haka ne, Yayata ta kaina, ba mu raina su ba. Sai dai labarin rediyo ba ya jiran ki sauke tukunya, waya kuma caji ya ƙare a tsakiyar magana. Jarida kuwa ki ajiye ta ƙarƙashin matashi, ki gama daka, ki yi wa yara wanka, tana nan tana jiranki. 'Yan lakwal su yi ta haɗa baƙi a kanta, maigida ya karɓa ya tafi da ita fada, ta dawo da ɗigon shayi, mu ce ba komai, hahaha.

Abin da ya fi taɓa ni, jaridar da Faransanci take, dole sai da mai fassara. Alhali tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta, da Hausarmu tsantsa, mutum ɗaya ya karanta zaure guda ya saurara. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da wata mai suna Aminiya, ku ji suna kamar don mu aka raɗa! A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, to masu buga jarida na Yamai, don Allah ko shafi biyu ne a sa mana da Hausa, a kuma sauƙaƙa wa mutanen karkara kuɗi, mu karanta da bakinmu. Hmm, Allah Ya nuna mana.

Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a nan gidan Yaya, kowace ta zo da zubinta a ƙulle a bakin zane.