Kofin da Ya Rasa Ƙugiya

A hutun ƙarshen zangon karatu na je gida Tudun Wada, na iske ɗakin da mahaifiyarmu take ajiye buhunan shinkafa ya koma ma'aikata. 'Yar ƙanena ce ta mayar da shi haka. Ta gama karatunta na NCE, ta shekara biyu tana jiran takardar ɗaukar aiki, da jiran ya ishe ta sai ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin tunkiyar da ta sayar, ta tafi Kano ta sayo firinta da wata 'yar na'ura mai baki kamar awartaki, wadda ake gasa kofin tangaran a cikinta don a fitar masa da suna ko hoto. Irin kofunan nan ne da ake rabawa a wajen biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani.

Da farko ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba. Amma da na zauna ina kallon yadda take aikin, sai na tuna cewa sanya wa mazubi alama da wuta tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Kakarmu takan sa wuƙa a garwashi ta yi ja, ta yi wa ƙoranta tsaga uku a baki, domin kada su ɓace a gidan biki. Da kwanon sha ya shigo, mata suka koma ɗiga fenti a gindinsa. Yanzu kuma jikanyarta tana rubuta cikakken suna, har da ranar ɗaurin aure.

Ga yadda aikin yake. Akan tsara rubutun a waya ko a kwamfuta, a buga shi a kan wata takarda ta musamman da tawada ta musamman. Sai a naɗa takardar a jikin kofi, a manne ta da salatif mai jure zafi, a saka kofin a bakin na'ura a matse. Zafin yakan kai digiri 180 zuwa 200, na tsawon kimanin minti uku. A cikin wannan zafi busasshiyar tawadar takan zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba, kamar dai kafur ɗin da ake sawa a akwatin tufafi, wanda yake ƙarewa ba a ga ruwansa ba. Tururin sai ya shige cikin wani siririn shafe na foliyesta da aka yi wa kofin tun daga masana'anta, idan ya huce ya daskare a ciki. Wannan ne dalilin da ya sa kofin da aka saya a kasuwa haka kawai ba ya karɓar rubutun, shi ne kuma dalilin da ya sa farin kofi ake nema, domin babu farar tawada a cikin firintar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dole a buga rubutun a juye, yadda yake fitowa a madubi, sannan ya miƙe daidai a jikin kofi. Wanda ya manta da haka zai ga b ta zama d, layin kuma ya taso daga dama kamar ajami. Kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan, sabulu ba ya fitar da shi.

A ranar ta uku da zuwana aka kawo mata aiki mafi girma tun da ta fara: katan biyu, kofi 72, na wani biki da za a yi a Kwanar Dangora. Uwar amarya ta ce a rubuta sunayen ango da amarya, a ƙasa kuma a sa addu'ar Allah ya ƙara ƙauna. Yarinyar ta tsara abinta a waya, komai ya fito daidai. Da ta tura shi kwamfuta sai ta zaɓi wani salon haruffa mai kwalliya, wanda waɗanda suka ƙirƙire shi ba su san da zaman harafin ƙ ba. Babu wutar lantarki, janareta na shan fetur, ga rubutu a juye kuma dishi-dishi a kan takarda. Ta gasa kofi goma sha biyu a jere, ta jera su suna hucewa, sannan ta ɓare takardar na farko. A duk inda ƙ ya kamata ta zauna, wani ɗan akwati ne fanko ya fito. Ta zauna a kan buhu ta yi shiru. Kofi goma sha biyu kusan su ne ribar aikin gaba ɗaya.

Da ta dawo hayyacinta sai ta ce, “Baffa, daga yau na daina sa ƙugiyar nan. K kawai zan riƙa bugawa. Ai kowa ya san abin da ake nufi.”

Na ce, “Haba 'yata, ke da kika karanci Hausa? Kara fa na dawa ne. Idan aka ce ki rubuta barka da zuwa baƙi, baki za ki rubuta? Ranar da aka kawo miki aikin suna, ya za ki raba ɗa da da?”

Ta ce, “Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, amma babu wanda ya taɓa ƙara mini ko sisi saboda ƙugiya. Ga shi yau ita ta cinye mini riba.”

Na yi shekaru fiye da ashirin ina koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa, amma a wannan yammaci ban sami amsar da zan ba ta nan take ba. Gaskiyarta ne cewa mai karatu yakan cike giɓin da kansa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, kuma muna karanta shi ba tare da wahala ba. To me ya sa za a ɗaga jijiyar wuya a kan ƙugiya? Na kwana ina juya maganar. Abin da na tsaya a kai shi ne, tun da rubutun ya riga ya sauke tsawon wasali da karin sauti a kan mai karatu, bai kamata a ƙara ɗora masa rarrabe baƙaƙe ba. Ƙ da k sautuka ne mabambanta, kamar yadda t da s suka bambanta, kuma bari da ɓari kalmomi ne da ba wanda zai so a musanya masa su a kan kofin amarya.

Ita kanta ƙugiyar da wahala aka same ta. A farkon rubutun boko wasu na ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa waƙafi a gabansa. A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta kai su ko'ina. An sake zama kan ƙa'idojin a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Mu da muka yi zamani da keken rubutu mun san yadda muke bin shafi da biro muna lanƙwasa kan kowane harafi. A yau haruffan suna cikin waya da kwamfuta, illa dai ba kowane salo ne yake ɗauke da su ba.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya lura da shi. A ƙauyukanmu na gefen dajin Falgore, akwai gidajen da babu littafin Hausa ko ɗaya a cikinsu, amma akwai kalandar biki a bango da kofin suna a kan kabad. Yaro ɗan aji biyu da yake koyon haɗa baƙi, a kan irin waɗannan yake gwada karatunsa da safe yana shan koko. Malami zai koya masa ƙ a allo na minti arba'in, kofin kuwa yana hannunsa kullum.

Washegari ban yi mata lacca ba. Muka zauna gaban kwamfuta, na rubuta layi ɗaya mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da 'y, manya da ƙanana, muka riƙa gwada shi a salon haruffa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan masu kwalliyar sun faɗi. Muka sami guda biyar da suka tsaya, ta rubuta sunayensu a takarda ta manna a bango. Ta kuma sa wa kanta doka cewa ba za ta sake gasa na biyu ba sai ta ɓare na farko ta karanta. Na biya kuɗin kofuna goma sha biyun, bayan ta yi ta ƙi, a kan cewa saye na yi. Goma sha ɗaya suna wurin mahaifiyarmu, wadda ta ce ita shayi take sha, rubutu bai dame ta ba. Ɗayan yana kan teburina a ofis, shi nake ɗauka zuwa aji a makon farko na darasin ƙa'idojin rubutu, in miƙa wa na layin gaba in ce ya karanta mana da ƙarfi.