Da Kunnen Ya Fashe, Sai Na Ce An Warke

A unguwarmu ta Hubbare, da ma sauran tsofaffin unguwannin cikin garin Sakkwato, ruwan kunnen yaro ba ciwo ba ne da ke kai mutum asibiti. Ka bi lungu da hantsi lokacin hunturu, za ka ci karo da yaro an toshe masa kunne da auduga, wani kuma ko audugar babu, ƙuda na bin sa. Iyaye na gani, maƙwabta na gani, ba wanda hankalinsa ke tashi. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, sanƙarau, waɗannan muke kira ciwo. Kunne kuwa, sai a ce girma zai raba su. Ni ma haka na ɗauka, kuma a kan ɗana abin ya ƙare.

Bai kai shekara ba mura ta kama shi. Bayan majina ta kwana biyu sai zazzaɓi, sai kukan dare mai tsanani. Ya kama nono ya saki ya tsandara ihu, hannunsa na kai wa kunnen hagu. Inna, wato mahaifiyata, ta duba bakinsa ta ce, "Haƙora na, ku bar shi." Duk da haka na je kemis, aka ba ni amoxicillin na ruwa da paracetamol, aka ce a shanye kwalbar duka. Ba a kai rabinta ba, wata safiya muka tashi muka ga mugunya ta ɓata shimfiɗa, yaro kuwa yana ta barcinsa, jiki ya yi sanyi. Na yi hamdala, na ce ƙurji ya fashe. Na ce wa mai ɗakina ta ajiye sauran maganin saboda gaba. Ta ce, "Malam, ai cewa aka yi a shanye." Na ce magani don ciwo ake sha, ciwo kuwa ya wuce. Ta yi shiru, ta ɗora kwalbar bisa kanta.

Ba ƙyashin kuɗin magani ya sa na faɗi haka ba. Da idona na ga sauƙi, na kuma gaskata idona. Ashe barcin da ya samu a daren nan, dodon kunnensa ne ya huje.

Sai daga baya likita ya zana mini yadda abin yake. Ramin kunnen da muke gani daga waje yana ƙarewa a kan wata 'yar fata siririya, ita ce dodon kunne. Bayanta akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku masu kai sauti ciki. Daga wannan ɗaki wata hanya ta sauka zuwa bayan hanci, ita ke shigar da iska, ita ke fitar da danshi. A babban mutum hanyar doguwa ce kuma a gangare take. A jariri gajeriya ce, kusan a kwance, shi ya sa ciwon ya fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2. Mura na kumbura hanyar ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta daga hanci su hau su yi mugunya. Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san abin da ke faruwa idan indararo ya toshe da damina: ruwa ya kwanta bisa soro, ya yi ta nauyi har ya huda rufi ya zubo. Nauyin mugunyar nan a kan dodon kunne shi ne zafin da ke hana yaro barci. Da ya huje sai zafi ya tafi, amma ƙwayoyin na nan, ga kuma ƙofa an buɗe wa na waje.

Sau da yawa hujin kan rufe da kansa cikin 'yan makonni, idan an kashe cutar kuma an bar kunnen a bushe. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Duk murar da ta zo sai kunne ya dawo da ruwa, ni kuma in sa a ɗauko tsohuwar kwalba. Wannan maganin kuwa, da zarar an dama shi da ruwa, bai wuce mako ɗaya zuwa biyu yake yi ba, shi ma a firij. A ɗakin Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ko mako ba na jin ya yi da ƙarfinsa. Ruwan zaƙi kawai muke ɗura wa yaro, muna kuma koya wa ƙwayoyin cutar jure magani.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Da ciwon ya ƙi ƙarewa sai aka shiga neman mai laifi, kuma a garinmu an riga an san wa ake ɗora wa. Tsofaffin gida suka ce nono ne ya zuba masa a kunne, uwarsa na shayar da shi tana gyangyaɗi. Na karɓi maganar hannu bibbiyu, har na yi mata faɗa a gaban Inna. Na sayo fida da madarar gwangwani, na ce a rage ba shi nono da dare. Alhali nonon da ya ɗiga daga waje ba shi da hanyar da zai bi ya wuce lafiyayyen dodon kunne. Ciwon ta hanci yake hawowa. Nonon uwa ma yana cikin abubuwan da ke rage shi, musamman idan an ba jariri shi zalla wata 6 na farko. Fida kuwa, in aka kwantar da yaro rigingine aka sa masa ita a baki, tana cikin abubuwan da ke ƙara shi. Na cire abin da ke kare yaron, na kawo mai cutar da shi, na bar uwarsa da ɓacin suna a cikin gida.

Magungunan gida ba sai na jera su ba, kowa ya san su. An ɗiga man zaitun, an ɗiga man habbatussauda, an sa gashin kaza da tsinken ashana an sakace. Har wani maganin ɗigawa na gentamicin na sayo, wanda daga baya aka gaya mini irinsa na iya lahanta jin mutum idan dodon kunne a huje yake. Ba na raina man zaitun, ina cin sa, ina shafa shi. Amma kunnen da ya huje ba wurin zuba mai ba ne, kuma gashin kazar da aka tsinta a tsakar gida yana iya kai cutar sarƙe-haƙora cikin kunne. Likitocin Najeriya sun daɗe da sanin wannan hanyar tata.

Na kan ji wasu a nan unguwar suna magana kamar zuwa wurin likita rashin tawakkali ne. A Hubbare ake faɗin haka, gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan tasowarsa daga Sifawa a 1815, inda aka rufe shi a 1817. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, kuma da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. Ni dai ba zan laɓe bayan tawakkali ba. Sakaci na yi, da ganin cewa na fi matata sani.

Ita ce ta fara lura. Yaron ya haura shekara biyu da rabi, sa'anninsa na haɗa magana, shi kalmominsa ba su taka kara sun karya ba. A kira shi daga baya ya yi banza da mutum. Na ce kunnen ƙashi gare shi, akwai ma ranar da na mare shi a kan haka. Sai wani dare bayan isha'i ta ce, "Malam, wanga yaro ba shi ji da kunnen hagu. Na gwada shi. Ko ka kai mu asibiti, ko ka yi min izini in tai da shi, kuɗin adashena na nan." Ta zaunar da shi ya ba mu baya, ta kira sunansa a hankali ta dama, ya waiwayo. Ta koma hagu ta kira, bai motsa ba.

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka zuƙe mugunyar da na'ura, aka haska, likita ya ga hujin. Bai yi mini faɗa ba. Tambaya kawai ya yi, sau nawa kunnen ya yi ruwa, tun yaushe, me aka ɗiga. Na buɗe baki ban da amsa, ita ta lissafa masa duka, har da watannin. A wurinsu, ciwon kunnen da ya zo sau 3 cikin wata 6, ko sau 4 cikin shekara, shi ne mai maimaituwa, kuma lokacin ne ya kamata ƙwararre ya gani. Kunnen da ya wuce mako 2 yana ruwa kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a ajin ciwon da ya zauna. Namu ya daɗe da wuce duka biyun. A rahoton hukumar na 2004 an ƙiyasta masu irin wannan kunnen a duniya tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu.

Abin da ya ba ni kunya shi ne sauƙin maganin. A naɗe tsabtataccen ƙyalle mai shan ruwa ko takarda mai laushi ya yi tsini, a sa a bakin kunne ya tsotse ruwan, a canza har ya fito a bushe, sau uku a rana. Sannan a ɗiga ciprofloxacin na kunne, a kwantar da yaro ta ɗaya gefen maganin ya shiga, a yi haka mako 2. Kada ruwa ya shiga wajen wanka, kada a toshe kunnen da auduga a bar ta wuni. Kuɗin bai kai abin da na kashe a fida da madara ba.

Likitan ya nemi katin rigakafi, a nan ma aka ga gurabe. Ban taɓa hanawa ba, ban kuma taɓa cewa a je ba, a gida irin namu kuwa shirun maigida hani ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato suka samu cikakken rigakafin farko, ƙasa da kowace jiha. Biyu daga cikin ƙwayoyin da suka fi kawo ciwon kunne dangin waɗanda ake yi wa allura ne: allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da Najeriya ta fara a 2012, da ta nimoniya da aka fara a ƙarshen 2014, ana yin su a mako 6, 10 da 14, kyauta. Ba sa toshe ciwon kunne gaba ɗaya, suna dai rage shi, kuma suna tare nimoniya da wani nau'in sanƙarau. Ƙyanda ma, wadda ake yi wa allura a wata 9, takan bar yaro da kunne mai ruwa. Sai hayaƙi. Murhunmu dab da ƙofar ɗaki yake, da hunturu a shigar da kasko, a kunna turaren wuta, a ƙara da maganin sauro mai hayaƙi, a rufe taga. Hancin jariri na kwana cikin wannan, hanyar kunnensa na kumbura.

Yanzu ana ta tura wa iyaye shawarwari ta waya cewa ciwon kunne shi ke warkewa da kansa, ba sai an sha magani ba. Akwai gaskiya a ciki: a Turai da Amurka likita kan ce a jira kwana 2 zuwa 3 da maganin zafi kawai, idan yaron ya ɗan tasa kuma ciwon bai yi tsanani ba. Amma likita ne ya haska kunnen kafin ya faɗi haka, yaron ya cika rigakafinsa, kuma in abin ya ƙi za a dawo. Jaririn da bai kai wata 6 ba, da ɗan ƙasa da shekara 2 da kunnuwa biyu suka kamu, da wanda kunnensa ke ruwa, ko can ɗin magani ake ba su. Ga wanda ruwa ya maƙale masa bayan dodon kunne fiye da wata 3 har jinsa ya ragu, akwai ɗan bututu da ake sa wa a dodon kunnen ya riƙa shigar da iska, aikin da wani likitan Amurka, Armstrong, ya farfaɗo da shi a 1954; yakan faɗo da kansa bayan wasu watanni. Ɗana bai buƙaci wannan ba, tunda nasa a huje yake. Cire beli wurin wanzami kuwa, da wani ɗan'uwa ya ba ni shawara, ba abin da ya haɗa shi da kunne. Abin da ba ya jiran gari ya waye shi ne kumburi mai zafi a bayan kunne, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko baki ya karkace. Wannan alamar cutar ta shiga ƙashi ko ta doshi ƙwaƙwalwa ne.

Kunnen ya bushe, amma hujin bai rufe ba, ya yi faɗi da yawa. Gwajin ji ya nuna na dama lafiya lau, na hagu ya ragu. An ce idan ya ƙara girma, kunnen kuma ya daɗe a bushe, za a iya yi masa aiki a liƙe wurin, jin na iya ƙaruwa, ba lalle ya koma yadda yake ba. Kafin nan, duk wanka sai an sa auduga da man basilin a bakin kunnen a cire bayan an gama, ba shiga kududdufi, ba bin yara gulbi da damina. Na je makarantar allo da ta boko na roƙi malamansa su zaunar da shi gaba, kunnen dama wajen malam, kuma in ya yi kamar bai ji ba a maimaita masa kafin a ɗaga bulala. Mai ɗakina na ba ta haƙuri a gaban Inna, inda na yi mata faɗan. Inna har yau tana nan a kan cewa nono ne.