Ranar da na saita kamfas a kan rodi

Na daɗe ina saita kamfas ɗin jirgina maras matuƙi kafin kowane tashi, ina ɗaukar hakan a matsayin taka-tsantsan. Wani ɗaurin aure a Zariya ne ya raba ni da wannan ɗabi'a.

Daga Kano na taso, don haka saitin ya wajaba a ranar. Littafin da DJI ya haɗo da jirgin ya ce a sake shi idan an yi nisan da ya haura kilomita 50 daga inda aka tashi na ƙarshe, ko jirgin ya yi kwana 30 a ajiye, ko manhaja ta yi gargaɗi. Inda na tsaya ne kuskuren. Na hau saman bene don kauce wa cunkoso, na yi ta juyi da jirgin a hannu, a kwance sannan a tsaye, har manhaja ta ce an kammala. Na manta cewa simintin da nake takawa cike yake da rodi, ga kuma makullin mota a aljihu.

Kamfas maganaɗisun ƙasa yake aunawa, wanda rauninsa ya kai ƙarfe kaɗan ya karkatar da shi. Wanda ya yi saiti a irin wannan wuri ya koya wa jirginsa arewar ƙarya. Da jirgin ya ɗaga ya rabu da rodin, sai kamfas da GPS suka saɓa, ya shiga kewaye yana faɗaɗa da'ira a saman kawunan jama'a. Da ƙyar na sauke shi a wani fili, hannuna na rawa.

Tun daga ranar, sai da dalili nake saiti, kuma a fili, nesa da mota da wayoyin lantarki. IMU, na'urar da ke gane karkata da motsi, ba na taɓa ta sai jirgi ya faɗi ko manhaja ta nema. A kan shimfiɗaɗɗen tebur nake yi, bayan jirgin ya huce.

Rimot ya fi sauƙin ganewa. Idan na saki sandunan amma manhaja ta nuna ba su koma tsakiya ba, nakan kashe jirgin in saita su. Ƙurar hunturu kan shiga gindinsu, shi ya sa nakan fara da gogewa.