ƊANƊANON MIYA DA GWAJIN ZATO

'Yan uwana mata, akwai darasin da na raina a ajin ƙarshe na sakandare, sai ga shi ya tsare min aurena. Darasin ƙididdiga ne. Wallahi lokacin, da malam ya shigo nake fara hamma.

Wata rana ya tambaye mu, "In kuna miya, tukunyar kuke shanyewa kafin ku san gishiri ya ji?" Muka kwashe da dariya. Ya ce to cokali ɗaya ya isa, da sharaɗin an juya miyar sosai. Haka masu bincike suke yi. In aka zaɓi mata 100 ta hanyar ƙuri'a, 60 suka ce da itace suke girki, ba za a ce lallai kashi 60 na matan garin ba ne. Sai a ce tsakanin 50 da 70, da amincewar kashi 95 cikin ɗari. Wato in aka maimaita irin wannan bincike sau ɗari, kamar sau 95 tazarar za ta kamo gaskiya. In kuma mata 400 aka tambaya, tazarar ta matse ta koma 55 zuwa 65.

Sannan ya ba mu labarin wata Baturiya a Ingila, Muriel Bristol, da ta ce tana gane shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka fara zuba ruwan shayi. Masani Ronald Fisher ya tsara gwaji da kofi 8, huɗu haka huɗu haka, kuma ya sa shi a littafinsa na 1935. Mai cinta kawai, sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka. Malam ya ce ƙa'idar ita ce, ka fara ɗauka babu komai sai dacewa, kada ka bar wannan matsayi sai in abin da ka gani ba ya faruwa da ka sai ƙasa da sau 5 cikin ɗari.

Shekaru suka shuɗe, na yi aure, aka yi min abokiyar zama. Sai ɗana ya fara ciwon ciki. Ƙawata ta ce, "Ke Hajiya, ba ki lura ba? Duk ranar girkinta yake kwanciya." Nan take zuciyata ta ɗauka. Na daina amsa gaisuwarta da sakin fuska, har na shirya maganar da zan tari maigida da ita.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, sai malam ya faɗo min a rai. Kwana bibbiyu muke yi, ke nan rabin kwanakin duniya nata ne. Na samo littafin rubutu, na yi wa kaina alkawarin yin shiru. Wata huɗu ina rubuta kowace rana da yaro ya yi ciwo. Sau 10 ya kama: 6 a girkinta, 4 a nawa. Na zauna na buga lissafi kamar 'yar makaranta. Ko da babu hannun kowa, samun 6 ko fiye cikin 10 yana faruwa kusan sau 38 cikin ɗari. Ina 38, ina 5! Ashe ranakunta kawai nake riƙewa a kai, nawa kuwa ina mantawa.

Muka kai shi asibiti, aka ce tsutsar ciki ce, aka ba shi magani. Ita ce ma ta goya shi zuwa bakin titi.

Malam ya ce kuskure iri biyu ne: ka kama marar laifi, ko ka saki mai laifi. Na kusa afkawa na farko, a kan baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Har yau ba ta san zargin da na yi mata ba, ni kuwa in na tuna sai kunya ta rufe ni.

'Yar uwa, in zato ya taso miki, juya miyar tukuna kafin ki ɗanɗana. Allah ya sa mu dace.