Kyanwar da ba ta ce uffan ba

Da aka ce kowane aji ya kawo abin da za a sa a littafin bana, mu ƴan matan babban aji mun daɗe muna jayayya a kan abin da za mu rubuta. Daga ƙarshe muka ce gara mu faɗi abin da muka sani da gaske, ko da za a yi mana dariya. To, abin da muka sani shi ne katun. Mu tara ne, kuma kusan kowace Alhamis da yamma, tunda babu karatu, muna taruwa a gidan ɗaya daga cikinmu da suke da tele da sola, don ko an ɗauke kuran ba ruwanmu. Kowa ta kawo dala 20, a ba yayanta ya je wajen masu tura fim ya cika mana kati. Ƙannenmu su zauna gaba a tabarma, Kakar gidan tana gefe da carbinta, wai ita ba kallo take ba.

Bari mu fara da waɗanda ba za su ci mana lokaci ba. Vaiana 2, wanda Ingilishi ke kira Moana 2, ya fito a ƙarshen 2024, kuma mun jira shi kamar Sallah don mun so na farko na 2016. Ashe ɗumame ne, ɗumamen ma da aka ƙara wa ruwa. Teku ya yi kyau, mu da ba mu taɓa ganin teku ba mun saki baki, amma da aka gama babu wadda ta iya tuna waƙa ko ɗaya. Daga baya muka ji cewa tun farko shirin tele aka yi niyyar yi kashi-kashi, sai aka haɗe shi aka mai da shi fim. Ai kuwa ɗinkin ya nuna.

Vice-versa 2 kuwa ya kama mu. Yarinya ce mai suna Riley, ta kai shekara 13, ana nuna cikin kanta inda Murna da Baƙin Ciki da Fushi da sauransu suke riƙe da ragamarta, sai ga baƙi sun sauka da jakunkuna, babbarsu Fargaba. Akwai wurin da Riley ta zauna a gefen filin wasa, zuciyarta na dukan uku-uku, numfashi ya ƙi fita, Fargaba tana ta zagaye na'urar har ba a ganinta don sauri. Duk muka yi tsit. Wace ce a cikinmu ba ta san wannan ba, daren da gobe za ta tashi gaban Malam ta kawo hadda? Sai dai mun yi ta mamakin yarinyar da ke ɗaga wa uwarta murya a tashi lafiya. Kuma mun ga sun mai da Kunya wani ƙato mai ɓoye fuska cikin riga, can a baya, ba ya ko magana. Ɗaya daga cikinmu ta ce wallahi da kan Bahaushiya aka shiga, Kunya ce za a tarar zaune a kan kujerar, sauran duk suna neman izini wajenta.

Wahalar waɗannan finafinai ita ce harshe. Da Faransanci suke zuwa mana, ƙannenmu ba su yi nisa a lakwal ba, Kaka kuwa ko kalma ɗaya. Mu ne tafintoci. Kana cikin kallo sai an taɓo ka, “Yaya, me ya ce?”, kafin ki fassara an wuce wuri uku. Muna ganin yadda ake juya finafinan Indiya zuwa Hausa a Kano har tsofaffi suna bi, muna cewa ina ma a yi wa katun haka.

Yanzu ga abin da ya sa muka zaɓi wannan magana. Kowa a garin nan ya san damanar 2024. Tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba, gidaje ba adadi suka bi shi, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba saboda mutane na kwana a cikin azuzuwa. Ɗaya daga cikinmu tana cikin waɗanda suka kwana a aji. Da dare ɗakinsu ya faɗi, Allah ya sa sun riga sun fito. Ba ta taɓa ba mu labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba, mun dai kai musu abin da iyayenmu suka ba mu.

Ranar da muka sa Mufasa, ba mu san yadda yake farawa ba. Ɗan zaki na wasa da iyayensa a ƙasar da ta sha fari, ruwa ya sauko kowa na murna, kafin ka ce kwabo ambaliya ta taso ta tafi da shi. Ƙawarmu ta miƙe ta ce za ta je ta sha ruwa. Ba ta dawo ba sai da aka kusa rabi, ta zauna bakin ƙofa. Mun ji kunya ƙwarai, don mu ne muka matsa a sa shi. Fim ɗin ma bai biya mu ba: an zana zakunan kamar na gaske har fuskarsu ba ta nuna komai, zaki ya buɗe baki yana waƙa kamar mai hamma. Abu ɗaya da muka ƙaru da shi, sunan birin nan Rafiki, wanda da Sawahili yake nufin aboki, mun gane shi tun daga darasin Larabci.

Bayan wata biyu yayan ya kawo Flow, ya ce shi ne ya ci kyautar Oscar ta katun a Maris 2025, ya doke Vice-versa 2. Ya ƙara da cewa daga farko har ƙarshe ruwa ne. Nan muka rabu biyu. Wasu suka ce a ɓoye shi, a kalla ranar da ba ta zo ba. Wasu suka ce wannan cin amana ne, in ta ji daga baya fa? Mun yi kwana biyu muna wannan a hanyar makaranta, a ƙarshe babbar cikinmu ta same ta ta faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ku sa. In na gaji zan tashi.”

Fim ne daga Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, jihar Damagaram kaɗai ta fi su yawa. Wani saurayi mai suna Gints Zilbalodis ya shirya shi da ƴan mutane kaɗan, da manhajar Blender wadda kowa ke iya saukewa kyauta. Babu mutum ko ɗaya a ciki, babu magana ko kalma ɗaya. Wata baƙar kyanwa ce ke zaune ita kaɗai a gidan da masu shi suka tafi. Ruwa ya taso, ta hau rufi, ya biyo ta, ta hau kan wani ƙaton gunkin kyanwa har saman kunnensa, ya biyo ta. Sai ga kwalekwale da wata dabba a ciki mai suna kafibara, kamar gafiya amma ta kai tunkiya, ba abin da ya dame ta sai barci. A hanya suka ɗauki wani ɗan biri mai wutsiya zobe-zobe wanda ya ƙi rabuwa da kwandon tarkacensa, da kare mai son wasa, da wani dogon farin tsuntsu da ƴan'uwansa suka karya wa fiffike don ya tare wa kyanwar faɗa.

Ranar ce ta farko da ba wanda ya taɓo mu ya ce me ya ce. Kyanwar kukan kyanwa take yi, in ta tsorata kunnuwanta su kwanta, in ta ga wutsiyar biri na lilo sai ta kai mata hannu, kamar dai tamu ta gida. Kaka ta ajiye carbi ta matso. Da kafibara ta yi wani gurnani, Kaka ta ce, “Wannan ai kukan ɗan raƙumi ne.” Muka yi ta dariya. Da yayan ya duba a salularsa sai ga shi gaskiyarta: muryar kafibarar gaske ba ta yi musu ba, ɗan raƙumi suka ɗauka. Har yau Kaka ba ta bar mu mun huta da wannan ba.

Ba za mu ce fim ɗin ba shi da aibi ba. Gashin karnukan kamar an shafa fenti bai bushe ba, kuma wurin da tsuntsun ya tashi sama cikin haske ya ɓace, har yanzu ba mu daidaita a kan ma'anarsa ba. Uku sun ce mutuwa ya yi, sauran sun ce a'a. Ƙannenmu maza kuma sun yi ƙorafi wai ba a yi faɗa sosai ba.

Ƙawarmu ba ta tashi ba. Mun riƙa satar kallonta, ita kuwa idonta na kan tele. Akwai inda suka tarar da wasu karnuka sun maƙale a kan wani gini, tsuntsun da ke riƙe da tuƙi ya ƙi tsayawa, sauran suka matsa sai da aka ɗauke su. Shigarsu ke da wuya suka cinye kifin da kyanwar ta kamo, suka hargitsa jirgin, kuma da ruwa ya janye aka zo ceton kafibara, zomo na gilmawa suka saki igiya suka bi shi, sai karen farko kaɗai ya tsaya. Mu duka muka hau zagin karnukan, muka ce tsuntsun ne mai gaskiya, da an bar su can.

Sai ta yi magana, karo na farko tun damana. Ta ce a ajin da suka zauna gida huɗu ne, an raba da zannuwa. Akwai wata mata da kullum sai ta ɗebi ruwan jarkarsu ba ta tambaya, ranar da aka kawo taimako kuma ta shiga layi sau biyu. Innarta ba ta taɓa ce mata komai ba. Muka ce don me? Ta ce ita ma ta tambaya, Inna ta ce to ina za ta je, ruwan ne a waje. Ta ɗan yi dariya ta ce birin nan ma ta san shi: a daren da suka fito, Inna ba ta ɗauki buhun hatsi ba, kwanonin jerenta na aure ta rungumo, har yau Baba na tsokanarta.

Magariba ta yi, muka naɗe tabarmi. A bakin ƙofa ta ce wa yayan kada ya goge wannan daga katin, tana so ta kawo Innarta ranar Alhamis mai zuwa, tunda ba sai an fassara mata ba.