Ganye da Yanayin da Ya Toho a Ciki

Ganye yakan ɗauki siffar yanayin da ya toho a cikinsa. Dattawan da suka tsufa a noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja sun daɗe da sanin haka, da ido da tafin hannu. Alkamar da aka shuka a tsakiyar Nuwamba, ta taso cikin sanyin hunturu, ganyenta kan yi kauri, ya yi kore shar, gindinta ya yi 'ya'ya da yawa. Wadda aka makara da ita har Janairu kuwa sai ta yi gaggawar girma, ganyen ya fito ƙanana, ta fid da kai da wuri, zafin Maris ya riske ta tana zuba ƙwaya, ƙwayar ta motse.

Dalilin yana cikin ganyen. A nan ne shuka ke haɗa abincinta daga hasken rana da ruwa da iskar kabon, wadda ke shiga ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Sanyi yana rage saurin wannan aiki, don haka shukar da ta saba da sanyi takan ƙara wa ganye kauri, ta tara sinadaran aikin da yawa. Idan zafi ya yi yawa, ganye kan fitar da ruwa ta ƙofofin nan don ya huce, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Ruwa na ƙarewa a saiwa sai ƙofofin su rufe, ganyen ya ɗau zafi, abinci ya tsaya. Shi ya sa gogaggen manomi ke duba gonarsa da azahar, domin da safe kowane ganye lafiya lau yake.

Gero da dawa da masara da rake ginin ganyensu dabam ne. Kowace jijiya tana kewaye da wani zobe na ƙwayoyin halitta inda ake tattara iskar kabon; hanyar haɗa abinci ta waɗannan shuke-shuke kuwa, masana kimiyya Hatch da Slack ne suka bayyana ta a Ostareliya a 1966 bayan bincike a kan rake. Wannan ne ke ba su damar aiki sosai a zafin digiri 30 zuwa 40, alhali alkama ta fi jin daɗin 15 zuwa 25. Dawa ma har da ƙarin dabara: farin gari mai kama da kakin zuma a jikin kara da ganye, da nannaɗe ganye idan rana ta take. Amma a shuka gero cikin hunturu, sai ya tsumbure, ya yi rawaya.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne, ganyen da ya gama buɗewa ba ya sake gini. Idan yanayi ya juya, sabon toho ne ke fitowa da siffar da ta dace, tsohon ganye sai ɗan abin da ya iya. Saboda haka masu dashen tumatir da tattasai kan janye rumfa daga kan iri sannu a hankali kafin ranar dashe, su kuma yi dashen da yamma.