Atantane: neman kakanni cikin takardun lanho

Mutumin Atantane, a jihar Maradi, da ya tashi neman asalin gidansu, kalma biyu na faransanci yake fara cin karo da su kan takardar mahaifinsa: «né vers», wato an haife shi wajejen shekara kaza. Alƙali ne ya yi kintace, domin babu wanda ya rubuta ranar. Daga nan hanya ta yi duhu.

Sauran sawun yana Yamai, a gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, inda ake adana rahotannin rangadin kumandojin Tasawa da ƙidayar da suka yi. Amma fa ƙidayar lanho ce. Sunan maigida ake so da yawan kawunan da zai biya wa, shi kuwa maigida mai hankali yakan ɓoye wasu 'ya'yansa idan mai ƙirga ya iso. Wanda bai ga sunan kakarsa ba, kada ya yi mamaki.

Taswira ta fi sauƙin samu. Ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sa tsofaffin taswirori a intanet ƙarƙashin sunan Gallica. Sai dai Bature da kunnensa ya rubuta sunayen garuruwa, dole a gwada rubutu iri-iri.

Tsofaffin ƙasar Mayahi kuwa da yunwa suke lissafi: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, El Buhari ta 1984. Idan tsohuwa ta ce uwarta tana goye lokacin Kakalaba, shekarar da alƙali ya kintata ta sami mai gyara ta.